Iri mai aure da gishirin fadama: IR29, Pokkali da abin da suka haifa

Ɗan'uwanmu na Argungu ya ce fadamarsa ta fara fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, bakin ganyen shinkafa na ƙonewa. An ce masa iri mai aure, wato wanda aka samu ta haɗa iri biyu, ya fi jure gishiri, yana tambaya ko haka ne.

Malam, aure kaɗai ba ya kawo juriya, sai an duba iyayen.

In gishiri ya yi yawa, saiwa takan kasa jan ruwa ko da gona na jiƙe, sodiyam, wani sinadari da ke cikin gishirin, kuma ya taru a ganye. Daga nan wata guba ke tasowa cikin ƙwayoyin ganyen. Masu share ta su ne enzayim, wato sinadaran da shukar ke yi da kanta: ɗaya mai suna SOD ya rage mata kaifi, wasu biyu, katalas da APX, su ƙarasa, su mai da ita ruwa.

Ga iri biyu. IR29 na cibiyar binciken shinkafa ta duniya (IRRI) da ke Filifin gajere ne, yana ba da amfani, amma gishiri kaɗan ke kayar da shi, domin sodiyam na cika ganyensa har gubar ta fi ƙarfin enzayim. Pokkali kuwa tsohon iri ne na manoman Kerala a Indiya, inda ruwan teku ke shiga gona. Tun daga saiwa yake tare sodiyam, enzayim ɗinsa ba sa karaya. Sai dai dogo ne, yana kwanciya, amfaninsa kaɗan. Ba manomin Suru ta jihar Kebbi da zai so shi.

Da aka haɗa su, aka yi ta zaɓe cikin jikoki, aka samu FL478: tsayi kusan na IR29, juriya ta Pokkali, musamman lokacin da shuka ke ƙarama. Gadon nan sunansa Saltol, kuma babban aikinsa hana sodiyam hawa ganye ne. A ganina sirrin ke nan: an rage wa enzayim kaya, shi ya sa suke iya ɗauka. Da iyayen biyu duk ragwaye ne, galibi ɗan ma haka zai fito.

FARO 44 da muke nomawa ingantacce ne, amma ba don gishiri aka fitar da shi ba. Shinkafa kan fara raguwa in gishirin ƙasa ya wuce 3 dS/m (ma'aunin yawan gishiri ke nan), kowane ƙarin ɗaya na cin kusan kashi 12 cikin ɗari na amfanin. Kai ƙasarka da ruwan rijiyarka a auna, ka buɗe magudana, sannan ka tambayi mai sayar da irin su waye iyayensa.