Hattara da masu tallar kafson ciyawar teku da sunan maganin daskarewar jini

Jama'a, duk mai ɗan'uwan da likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, don Allah ya ja masa kunne.

Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook da wani kafso, wai na ciyawar teku ne daga Japan, yana narkar da gudajin jini cikin mako biyu. Gwaggona ta faɗa hannun ɗayansu. Warfarin, wani maganin tsinka jini, take sha tun da jini ya daskare mata a ƙafa. Ta tura masa naira dubu 45, ya ce: "Hajiya, ki ajiye na asibitin nan, maganin ɓera ne." Ta ajiye. Ba a rufa wata ba ƙafar ta kumbura suntum, sai da aka ba ta gado. Lambarsa kuwa har yau a kashe.

Ƙaryarsu tana shiga ne don sun cakuɗa ta da gaskiya. Haka ne, a kan ɓera aka fara amfani da warfarin, amma tun 1954 aka amince a ba mutane, kuma da gwajin jini na INR likita yake daidaita shi. Haka ma ciyawar teku mai ruwan ƙasa, irin kombu da wakame, tana da sinadarin fucoidan, wanda Harald Kylin ɗan Suwidin ya gano a 1913. A kwalbar gwaji yakan hana jini daskarewa, kusan kamar heparin, wani maganin tsinka jini na asibiti. Sai dai kwalba ba cikin mutum ba ce: idan an haɗiye shi, kaɗan ne hanji ke iya tsotsa. Shi kansa heparin ai allura ake yi.

Abin da ba sa faɗa: wakame tana da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Kombu kuma aidin ya yi mata yawa, yana iya tayar da ciwon maƙoƙo. Wata irin, hijiki, tun 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta ce a guje ta saboda gubar asenik.

Kada wanda ya ajiye maganinsa sai likitansa ya ce. Da muka duba robar da aka aiko wa Gwaggo, babu lambar NAFDAC, babu adireshin kamfani, hoton igiyar ruwa ne kawai a jiki.