Yaya, kafin ka biya kuɗin gidan Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya? Saƙonka ya iso, har da hotunan gidan da dillali ya kai ka. Fentin ya yi kyau ƙwarai. Kyan nasa ne ma ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Ka san a watan Janairu muka sayi namu gidan a nan Minneapolis. Al'adarsu, bayan an daidaita a kan farashi, mai saye yana da 'yan kwanaki da zai kawo mai duba gida. Mutum ne da ba shi da la'ada a cinikin, kai ka ɗauko shi, kai za ka biya shi. Nawa dala 450 ya karɓa. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da gabana ya faɗi, amma na daure. Ya yi kusan awa 3 a gidan, ya leƙa cikin silin, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe kowane famfo. Daga ƙarshe ya fito da wata kyamara mai mariƙi, kamar bindigar auna zafin nan da aka riƙa saita mana a goshi a filin jirgin Malam Aminu Kano lokacin korona. Dangi ɗaya ne. Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, gwargwadon zafinsa. Bindigar korona wuri ɗaya take aunawa ta ba ka lamba, ita kuwa wannan bango guda take ɗauka ta zana maka shi da launi, mai ɗumi ya yi ja ko rawaya, mai sanyi ya yi shuɗi.

Ranar sanyin waje ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, cikin gida kuma 21. Mutumin har murna yake yi, don kyamarar tana son a samu tazarar aƙalla digiri 10 tsakanin ciki da waje. A ɗakin yara muka ga shuɗin layi daga sama har ƙasa, wurin da aka bar rami ba a cusa audugar hana sanyi ba. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne silin ɗin falo, daidai ƙarƙashin banɗakin sama. Da ido fari tas, na taɓa da hannu na ji a bushe. A kyamara kuwa ga wani tabo shuɗi, faɗinsa ya kai faranti. Dalilin shi ne na randar Hajiya: ruwa in yana tsatsafowa yana bin iska, sai jikin abin ya yi sanyi. Bai yarda da kyamarar kaɗai ba. Ya kawo wata 'yar na'ura mai allura biyu ya soka a wurin, ta nuna danshi. Bututu ne ke ɗiga a hankali. Akwai wani tabon a kicin da na ɗauka shi ma ruwa ne, da ya soka allurar sai ga shi a bushe, iskar waje ce kawai ke shigowa ta wata kafa. Washegari ya turo min rahoto da hotuna, na miƙa wa mai gidan, ya gyara bututun kafin mu sa hannu.

Kada wani ya ce maka kyamarar tana hango cikin bango. Zafin saman bango kaɗai take gani, sauran aikin na mai riƙe da ita ne. Ko gilashin taga ba ta ratsawa, kuma ƙarfe mai ƙyalli yana ruɗa ta, sai ta nuna maka ɗumin jikinka a kai.

Tun ranar nake tunanin yadda za ta yi aiki a Kano. Maganar auduga a bango ba tamu ba ce. Gidajensu katako ne da allon farar ƙasa, wanda yaro zai iya fasawa da ƙafa, ba su kama ƙafar bulonmu ba wajen ƙarfi. Shi kuma bulo yini yake yana shan rana, in ka haska shi da azahar a watan Afrilu komai ja zai fito, ba abin da za ka gane. Sai dai da asuba. Amma yoyon dekin, da bututun da aka binne a bango aka rufe da tayil, da danshin da ke hawowa daga tushe har bango ya fara fitar da gishiri, duk irin aikinta ne, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan Agusta, ko da an shafe wurin da sabon fenti.

Inda ta fi mana amfani, a ganina, wayarin ne. Ka san yadda ake murɗa waya biyu a naɗe da baƙin tef a tura cikin silin, ko soket ɗaya ya ɗauki firji da hita da dutsen guga, ga makunnin da ke sauya wutar gari da ta janareta ana ta buga shi kullum. Duk mahaɗar da ta yi sako-sako zafi take yi tun kafin ta fara wari. A kunna kayan gidan gaba ɗaya a bar su na ɗan lokaci, a haska akwatin wuta, wayar da ke shirin ja maka asara za ta fito da ja ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta. Mu da muka ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 ba sai an yi mana wa'azin wuta ba.

Ba komai na nan ne ya fi namu ba. Da hitarmu ta ruwa ta lalace, kwana 9 na jira mai gyara, kuma zuwansa kaɗai kuɗi ne tun bai taɓa komai ba. A Kano in ka kira da hantsi, kafin la'asar ya zo a babur ya gama. Abin da na ga ba mu saba da shi ba shi ne mutumin da zai duba gida don mai saye. Dillali zai ce maka "gida lafiya lau, Alhaji", kuma ban zarge shi ba, la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa.

Akwai ƙaramar kyamarar ta kamfanin FLIR da ake maƙala wa waya. Hotonta bai kai na babbar ba, amma za ta nuna waya mai zafi da silin mai danshi. Na saya maka, wani ɗan unguwarmu zai taho da ita a ƙarshen wata, sai ka faɗa min irin wayarka tun da wuri don in tabbatar bakin cajin ya dace. Ka nemi mai wayarin da ka yarda da shi, wanda ba shi ya yi aikin gidan ba, ku shiga tare. In mai gidan zai yi haƙuri, ka ba da kafin alƙalami ka riƙe sauran har a yi ruwa biyu masu ƙarfi.

A gaishe min da Hajiya da Anti da yara.