Sharhi kan tiyatar leƙen ciki da aka yi mini saboda endometiriyosis

Wata bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar leƙen ciki, wadda likitoci ke kira laparoskofi, a wani asibitin kuɗi da ke Kano. Da gangan na jinkirta wannan sharhi domin in ga yadda jikina zai kasance bayan ɗokin farko ya kwanta. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, tunda akwai inda zan yaba musu, akwai kuma inda zan koka.

Tun ina 'yar shekara 15 nake fama da ciwon mara irin wanda ke sa mace ta dunƙule a kan tabarma da robar ruwan zafi a ciki, wani lokacin har da amai. A gida aka ce idan na yi aure zai tafi, da na yi auren kuma aka ce sai na haihu. Shekara shida ina ɗakin miji ban taɓa yin ko ɓatan wata ba, kuma duk inda na je magana ɗaya ce, wai sanyi ne. Na sha ƙwayoyi da allurai na sanyi har na haddace sunayensu, ban da jiƙe-jiƙen da dangi ke aikowa a galan.

Abin da ya fara burge ni da likitan matan wannan asibiti shi ne tambayoyinsa. Ya tambaye ni ko ina jin zafi can ciki lokacin kwanciyar aure, da kuma ko bayan gida na yi mini wuya a kwanakin al'ada, abubuwan da babu wanda ya taɓa tambayata, ni kuma kunya ba ta taɓa bari na faɗa ba. Da ya yi sikanin ta gaba, sai ya ga wata jaka mai cike da tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. Ya juya bayan katina ya zana mahaifa da biro, ya ce, "Malama, wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ya fito a wajenta. Duk wata yana kumbura yana zubar da jini, jinin kuma ba shi da mafita, shi ya sa yake haddasa kumburi da tabo, har gaɓoɓin mara su manne da juna." Ya ce sunan cutar endometiriyosis, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin mata miliyan 190. Na yi mamakin yadda cuta mai yawa haka ba ta da sunan da aka san ta da shi a unguwarmu.

Bai gaggauta kai ni ɗakin tiyata ba, kuma a nan ne na fi ganin ƙimarsa. Ya sa maigida ya yi gwajin maniyyi tukuna, domin kada a yanka ni alhali matsalar ba a wurina kaɗai take ba. Ni kuma ya sa na yi gwajin jini na AMH, wanda ke nuna yawan ƙwayayen da suka rage wa mace, sannan ya faɗa mini ƙarara cewa cire irin wannan jaka yakan tafi da wani ɓangare na lafiyayyen naman ma'ajiyar ƙwai, don haka tiyatar tana da riba tana da asara. Na tambaye shi ko babu magani na sha. Ya ce akwai ƙwayoyi da allurai da ke kwantar da ciwon sosai, amma suna hana fitar ƙwai muddin ana amfani da su, saboda haka ba su dace da mai neman ciki a yanzu ba.

Ranar aikin an hana ni ci da sha tun tsakar dare. Bayan allurar barci ban san komai ba sai da na farka da ƙananan yanka uku, ɗaya a cibiya, biyu a gefen mara. Washegari likitan ya nuna mana hotunan a kwamfuta: ɗigo-ɗigon baƙi a bayan mahaifa kamar inda tartsatsin wuta ya faɗa wa zane, da wasu zare-zare da suka liƙe ma'ajiyar ƙwan hagu da jikin mahaifa, da ruwan da ya fito daga jakar, mai kauri kamar narkakken cakulan. An zuba ruwa mai launin shuɗi ta bakin mahaifa domin gwada hanyoyin ƙwai. Ya fito sarai ta dama, ta hagu kuwa da ƙyar. Ya ce cutar matakai huɗu ce, tawa tana na uku. Maigida, wanda ya sha ce mini in riƙa daurewa, ya daɗe yana kallon hoton bai ce uffan ba.

Kokena duk a kan kulawar bayan tiyata yake. Babu wanda ya gaya mini cewa iskar da ake hura ciki da ita takan bar ciwo a kafaɗa, don haka da ya kama ni cikin dare na zaci zuciyata ce. Na danna ƙararrawa har sau uku kafin nas ta leƙo, ta ce ai kowa ma haka yake yi, ta juya. Takardar kuɗi an ba mu ita a dunƙule, kuma ta zarce abin da aka faɗa da farko, har sai da na sayar da 'yan kunnen gwal ɗina. Sakamakon gwajin naman da aka cire ya yi makonni bai fito ba, lambar wayar da suka bayar ba a ɗauka, kuma sai da na je da ƙafata sau biyu kafin a ba ni rahoton tiyatar a rubuce. Duk wadda za ta yi wannan aiki ta nemi lissafin kuɗi dalla-dalla tun kafin ta kwanta, ta kuma tabbatar cewa likitan zai cire abin da ya gani a zama ɗaya, ba leƙawa kawai zai yi ya rufe ba.

Ciwon ya ragu ƙwarai. Yanzu ina zuwa wurin aiki a ranar farko ta al'ada, abin da na manta rabon da in yi. Ciki dai har yanzu shiru. Likitan bai yi mini alkawarinsa ba tun farko, ya ma ce cutar tana iya dawowa, kuma ciki ba maganinta ba ne, sai dai yakan lafar da ita na ɗan lokaci. Ya gargaɗe ni cewa idan Allah ya kawo rabo in zo sikanin da wuri, domin masu wannan cuta sun ɗan fi sauran mata haɗarin ɓari da zaman ciki a wajen mahaifa, da saukowar mabiyiya ƙasa da haihuwar bakwaini, ko da yake mafi yawansu lafiya suke sauka. Ya ba mu wata shida zuwa shekara mu gwada da kanmu, tunda shekaruna 32 kuma gwajin ƙwayayena bai yi kyau sosai ba. A watan gobe za mu koma wurinsa mu tattauna batun haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato IVF, kuma wannan karon na riga na rubuta tambayoyina a takarda, ta farko a kan kuɗi ce.