Gidan orkide a cikin ɗaki: me ya dace da zafin Yamai?

Wanda ya ga hoton gidan shuka na Turai a intanet yakan ɗauka gilas ne asirin. A can an yi gilas ne don ya tsare ɗumi. Mu a Yamai ɗumi ya yi mana yawa: a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, a lokacin hunturu kuma danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, har leɓe ya tsattsage. Orkide furen ado ne. Irin wanda aka fi sayarwa, mai suna Phalaenopsis, ɗan dazuzzukan Filifin da Indunisiya ne. Yana son zafi tsakanin digiri 18 da 29, danshi kuma kashi 50 zuwa 70. To ka ga abin da za ka kashe wa kuɗi sanyi ne da danshi, akwatin kuwa mariƙinsu ne kawai.

Shukar nan ba ta zama a ƙasa. A daji tana maƙale ne a jikin itace kamar kauci, sai dai ita ba ta tsotsar itacen, saiwarta a fili take tana shan raɓa da iska. Shi ya sa ake dasa ta cikin ɓawon itace, ko gawayi, ko sassaken ɓawon kwakwa. Ka zuba mata ƙasar garka da taki, cikin ɗan lokaci saiwa ta ruɓe.

Na fara da mafi araha. Ka je kasuwar Katako mai walda ya haɗa maka kanta ta ƙarfe mai hawa uku ko huɗu, ka lulluɓe ta da farar leda mai kauri. Tana riƙe danshi, ba laifi, kuma idan sha'awar ta gushe ba ka yi wata asara ba. Aibinta biyu: ƙarfe yakan yi tsatsa in ba a shafe shi da fenti sosai ba, ƙura kuma tana manne wa leda har haske ya dushe. Ga kuma muni. Uwargida ba lallai ta yarda a kafa mata wannan a falo ba, kuma da gaskiyarta.

Wanda na fi so shi ne armuwar ɗin gilas da alminiyam, irin wanda masu butiki ke jera turare a ciki. Masu haɗa tagogi suna yin sa daidai awon da ka ba su, alminiyam ba ya tsatsa, gilas kuma tsumma ɗaya ya ishe shi. Amma kada ka saye shi a haɗe kamar na butiki. Ka sa a bar ƙofofin iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a sa musu raga saboda ƙwari, a kuma huda inda waya za ta shiga. Hawa-hawan ciki su zama na raga, ba gilas ba, don ruwa ya tsiyaye zuwa tire a ƙasa, iska kuma ta zagaya. Tsakanin hawa da hawa a bar aƙalla santimita 50, domin zangarniyar furen takan yi tsawo, kuma abin haushi ne ka jira ta wata da watanni sannan ta dunguri rufi ta lanƙwashe. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada rana ta bugi gilashin kai tsaye. Rufaffen gilas a ranar Yamai tanda ne, rabin yini ya isa ya dafa ganye. Ka kafa shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon yamma. In kusa da taga ne, ta gabas, da labule marar kauri.

Akwatin kifi na gilas yana ɗaukar tukunya biyu ko uku, amma iska ba ta fita ta ƙasansa, funfuna kuwa nan take so. Tantin shuka da ake odarsa daga waje yana aiki, sai dai a rufe yake ruf, ba ka ganin furen sai ka zuge shi. Wanda ya sayi fure don kallo, ina amfanin ɓoye shi?

Yanzu ga inda kuɗin ke tafiya da gaske, wato sanyaya wurin. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana saukar da zafi, amma yana busar da iska, yana kuma shan wuta. Na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso tana aiki ne da dabarar randa: ruwa na tashi, wuri na yin sanyi. Daga hunturu zuwa bazara babu kamarta, don tana ba ka sanyi da danshi a tare, wutarta kuma kaɗan ce. Da damina ta kankama, iska ta riga ta jiƙa, sai ƙarfinta ya ragu, amma a lokacin zafin ma ya sauko. In ɗakinka mai kilim ne, armuwar ya zama dole, da ƙaramar na'urar turara ruwa a cikinsa. Kuma ka tara ruwan da kilim ke ɗigarwa, domin ba shi da gishiri, ya dace da saiwar orkide kamar ruwan sama. Ruwan rijiya ko na fanfon burtsatse mai kanwa-kanwa yana barin farin tabo a ganye, yana ƙona bakin saiwa.

Fanka ba ta cikin abin da ake tsumulmula a kai. Ƴar ƙarama irin ta kwamfuta, mai aiki da bolt 12, ta riƙa juyawa dare da rana. Danshi in babu iska shi ke kawo ruɓa. Tun da wuta kan ɗauke daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, ka haɗa fankar da batir da ƙaramin allon sola. In wuta ta ɗauke kuma ba batir, buɗe ƙofar armuwar ɗin nan take. Fitila kuwa LED fara ta wadatar, awa 12 a yini, ba ta zafi kamar tsohon ƙwai. Ganye ne zai gaya maka: in ya yi kore shar har ya doshi baƙi, haske ya yi kaɗan, in ya fara ja ko rawaya, ya yi yawa.

Wajen zaɓen shukar, Phalaenopsis ta fi haƙuri da ƙarancin haske, Dendrobium ta fi jure zafi amma tana son haske sosai. Vanda, mai saiwa a rataye, tana neman feshi kullum, ka bar ta sai hannunka ya faɗa. In daga waje za a kawo maka, ka sani cinikin orkide tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, ka tambayi takardunta da na lafiyar shuka tun kafin ka biya. Ka duba saiwa ta cikin tukunyar roba: mai ƙwari, kore in ta jiƙa, fari-fari in ta bushe, ita ce lafiyayya.

Wani abu da yanayinmu ya ba mu kyauta: Phalaenopsis tana fitar da zangarniya ne idan ta samu makonni na sanyin dare, sanyin Disamba da Janairu kuma daidai yake da bukatarta. Don haka ka sayo shukarka da damina ko kaka, ta kama kafin ɗari. Amma tun kafin mai walda ko mai gilas, sayi ɗan ma'aunin zafi da danshi, ka rataye shi a ɗakin da kake niyya har mako biyu cikin bazara. In yana wuce digiri 35 kullum da la'asar, sake ɗaki ko ka fara tanadin kuɗin na'urar sanyi tukuna.