Ina Za Ki Zuba Kuɗin Talla Idan Jarin Kaɗan Ne?

Ƙanwata ta fara sayar da humra da turaren wuta daga gida. Ga yara, ga girki, da daddare kawai take samun sarari, shi ma bai wuce awa guda ba. Ta ce, "Yaya, ina zan sa 'yan kuɗin da na ware na talla?" Da yake ni ma sana'ar nake yi, ga abin da na faɗa mata.

Rediyo ki bar wa masu shaguna a Kantin Kwari. Sanarwa ɗaya ba ta zama a kunne sai an yi ta nanatawa, kowane nanaci kuma kuɗi ne. Takardun da ake rabawa a bakin titi kuwa, mai ƙosai ce ke cin moriyarsu.

Ni dai WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, shi ne nawa, ba na ɓoyewa. Kuɗin data kawai zai ci miki. Ki jera kaya da farashinsu a katalog, kada ki kwana amsa "nawa ne?" Hoton da kika ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai gani sai wadda kika ajiye lambarta, ita ma ta ajiye taki. Saƙon bai-ɗaya, wato broadcast da ake tura wa mutane da yawa lokaci ɗaya, yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, shi ma sai ga masu lambarki yake isa. Ke nan aikin shi ne tara lambobi. Duk wadda ta sayi ko kwalba ɗaya, ki ce, "Hajiya, don Allah a ajiye lambata," sannan ki liƙa lambar a jikin kwalbar. A gidan biki kwalbar nan sai ta zaga hannu goma. Hoto kuma da hantsi nake ɗauka a tsakar gida, kan farin zane, kasko na tashin hayaƙi a gefe, tunda ƙamshi ba ya shiga waya.

Tallan Facebook da Instagram na biya ba laifi, za ki zaɓi gari da shekarun masu gani, amma ki bari sai kin saba aika kaya ta tasha.

Masu mabiya a TikTok, nan aka dafa ni. Na biya wata N40,000. Ta ɗaga kwalbar kamar wadda aka sa dole, ta faɗi sunan kayana ba daidai ba, ko kira ɗaya ban samu ba. Ashe mabiya ma sayensu ake yi. Kafin ki biya, leƙa sharhin da ake mata: in duk 'yan hotunan zuciya ne daga sunayen da ba na nan ba, ki kama gabanki. Ki nemi wadda ta taɓa yi wa talla ki tambaye ta. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan kin gani da idonki.

Akwai kuma masu kira su ce za su "kunna miki talla", sai dai ki karanto musu lambobi 6 da aka turo wayarki. Kina karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗin, su shiga roƙon kwastomominki kuɗi da sunanki. Ki kunna matakin tsaro na biyu, wato ƙarin lambar sirri da za ki sa wa WhatsApp ɗinki, tun yau. Haka alat na bogi: hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ki buɗe manhajar banki ki ga sun shiga kafin ɗan aike ya fita da kaya, ko da mai sayen tana ta rantsuwa cewa motar Kaduna za ta tashi.