Hawan Breithorn da jagoran haya: aikin jagora ya yi, tallar kamfani ta yi zaƙin baki

Kamfanin da na yi wa rajista ta intanet ya tallata Breithorn a matsayin mafi sauƙin hawa cikin duwatsun Alps na Turai da suka haura mita 4,000, wai duk mai ƙoshin lafiya zai iya ko da bai taɓa hawan dutse ba. Rabin maganar gaskiya ce. Cikin ƙololuwa 82 masu wannan tsawo a Alps, da wuya a sami wadda ta fi ta sauƙin kaiwa, domin motar igiya ce ke ɗauko mutum daga garin Zermatt na ƙasar Suwizalan, a kan tsayin kimanin mita 1,600, ta dire shi a tashar Klein Matterhorn, mita 3,883. Kan Breithorn kuwa mita 4,164 ne. Abin da ya rage wa ƙafa bai kai mita 400 ba, ko da an haɗa da ɗan gangaren da ake fara yi.

Ɗaya rabin da suka ɓoye shi ne abin da motar ke yi wa jiki. Cikin ƙasa da awa guda ta ɗaga ka sama da mita 2,200, huhu bai shirya ba, jini bai shirya ba. A can sama, iskar da mutum ke zuƙa sau ɗaya ba ta ɗauke da fiye da kashi 60 da 'yan kai cikin ɗari na oksijin ɗin da ake samu a bakin teku. Don a gane nisan wurin, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Tashar da ake fara tafiyar ma ta ɗara shi da kusan kilomita ɗaya da rabi. A takardar da kamfanin ya aiko mini an yi dogon bayani a kan safa da rigar sanyi, batun sabawa da ƙarancin iska kuwa layi ɗaya aka ba shi, can ƙasa. Wani abokin aikina Bajamushe ne ya ce in riga ranar hawa isa Zermatt, in hau jirgin ƙasan Gornergrat, wanda aka buɗe a 1898, yake kai mutane mita 3,089, in yi yawo a can in sauko in kwana a gari. Shawararsa ta fi dukan takardar amfani.

Kuɗin da aka rubuta a talla na jagora ne kaɗai. Tikitin motar igiya daban, kuma ya haura faran ɗari, kuɗin Suwizalan, zuwa da dawowa a lokacin zafi, sai dai mai katin rabin kuɗi na jiragen ƙasan Suwizalan rabi yake biya. Hayar takalmi daban. Zermatt ba a shiga da mota, sai a ajiye ta a ƙauyen Täsch da ke kusa a biya kuɗin ajiya a hau jirgi. Ba zan ce an cuce ni ba, komai na rubuce ga mai haƙurin karanta ƙananan haruffa, amma wanda ya yi lissafi da farashin farko zai sha mamaki.

Inda kuɗin ya halatta shi ne wajen jagoran kansa. Dattijo ne ɗan yankin Wallis, inda Zermatt take, mai lasisin ƙungiyar jagororin duwatsu ta duniya, mara yawan magana. Kafin mu taka ƙanƙara ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan ɗamarar da ake maƙala igiya, ya kwance tawa ya sake ɗaurewa ba tare da ya ce uffan ba. Sannan ya ɗaura mana ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, ya ce mu riƙa buɗe ƙafa kada haƙoran su kama wando mu kifa. Haka muka kama hanya a tattale kamar yaran da aka yi wa kaciya.

Farkon tafiyar fili ne fari fat, shimfiɗaɗɗe, har mutum ya fara tambayar kansa me ya sa ya biya wani ya raka shi. Filin nan kogin ƙanƙara ne, kuma a ƙarƙashin dusar da ta lulluɓe shi akwai tsagogi masu zurfin gaske waɗanda ido ba ya gani. Da sanyin safiya dusar ta daskare, tana ɗaukar nauyin mutum. Rana na ɗagawa sai ta yi laushi. Shi ya sa ake sammako da motar farko, shi ya sa kuma jagoran ya ware mu nesa da juna a kan igiya, ya hana ta yin sako-sako, don in ɗaya ya rufta nauyin sauran ya tsayar da shi. Mun wuce wasu matasa biyu da takalman wasanni, ba igiya, suna bin sawun mutane. Jagoran ya dube su ya girgiza kai, ya ce mana sawu ba ya nuna inda rami yake, yana nuna inda bai rufta ba jiya ne kawai. Ba tsoratarwa ba ce: a watan Yulin 2023, a kogin ƙanƙara na Theodul da ke nan kusa, narkewa ta fito da gawar wani Bajamushe da ya ɓace tun 1986.

Da muka iso gindin hawan, inda gangaren ya kai kusan digiri 35, sai ya gajarta igiyar ya naɗe saura a kafaɗa, ya sa mu tafiya a karkace, dama da hagu. Takunsa ne ya fi burge ni. A hankali ƙwarai, har ya ba ni haushi da fari, amma ba ya tsayawa. Masu gaggawa suka wuce mu, bayan ɗan lokaci muka tarar da su a durƙushe suna haki.

A nan ne kuma aibin tafiyar rukuni ya fito. Mu baƙin juna ne aka haɗa a igiya ɗaya, kuma kamfanin bai tantance kowa ba, in ka biya ka shiga. Akwai wani bawan Allah da ya sauka daga jirgin sama daren jiya, daga garin bakin teku. Rabin hawa ya fara ciwon kai da tashin zuciya. Da jagora ɗaya, in mutum ɗaya ya kasa, kowa ne zai juya, kuɗi kuma ba ya dawowa. Mun ci sa'a wani jagora abokinsa na saukowa da mutanensa, suka yi magana da Jamusancinsu na Wallis, aka mayar da mutumin kan igiyarsu. Jagoranmu bai yi masa faɗa ba, bai kuma ba shi zaɓi ba. Araha ba ta ado. Wanda ke da hali, ko suke su biyu ko uku da suka san ƙarfin juna, gara su ɗauki jagora nasu na kansu.

Kan dutsen siririn doro ne, gefen arewa ya zarce ƙasa ba iyaka, kuma iyakar Suwizalan da Italiya ta nan ta bi. Monte Rosa na gabas, da ƙololuwarta Dufourspitze mai mita 4,634, Mont Blanc can nesa. Matterhorn, sanannen dutsen Zermatt, kuwa daga nan bai yi kama da hoton da aka saba gani ba ko kaɗan, sai da aka nuna mini na yarda shi ne. Ba mu daɗe ba, iska na yanka fuska, aka ɗauki hoto aka juyo. Kafin azahar ta wuce muna cikin gari, na yi sallata a masauki da ruwan ɗumi.

Wani abu da 'yan'uwa ke rainawa shi ne rana. Muna ganin mu da muka taso cikin zafin Afirilu me ranar Turai za ta yi mana. A wannan tsayi haskenta ya fi kaifi, dusar ƙanƙara kuma tana maido da mafi yawansa fuska daga ƙasa, har ƙarƙashin haɓa da cikin hanci. Baƙar fata ma tana ƙonewa, leɓe ya tsage, ido kuwa ba ruwansa da launin mai shi. Jagoran ya duba tabaran kowa, ya ƙi na mutum ɗaya, ya ciro wani mai rufin gefe daga jakarsa ya ba shi aro. Takalmin haya da aka haɗa ni da shi ya tsufa, ya ci mini dunduniya. Wannan laifin shagon ne.

Game da lokaci, na fi son farkon bazararsu, Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a kan ƙarshen Agusta. Kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansu a 2022 da 2023 kaɗai, kuma in zafi ya yi nisa tsagogin na buɗewa, gangaren ya koma ƙanƙara tsagwaronta mai santsi. A tambayi kamfani tun kafin biya me zai faru in jagora ya soke tafiya saboda yanayi. Nawa sauya rana kawai yake yi, abin da ba zai amfani mai gajeriyar biza ba. A kuma duba inshora da kyau, don da yawa daga cikin waɗanda ake saya saboda bizar Schengen ta shiga Turai ba sa biyan hawan dutse da igiya, kuma in jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko mutum, takardar kuɗin shi za ta biyo. Lambar neman agaji a yankin Wallis 144 ce.