Fentin ruwa ko na mai? Amsa ga mai haɗa ƴar Peugeot

Ƙanena da ya yi tambaya jiya, sannu da ƙoƙari. Ka ce yayanka ya kawo maka kwalin Tamiya, kamfanin da ke yin ƴan motocin haɗawa da fentinsu, daga Faransa, ƴar Peugeot 405 T16 ta roba mai awon 1/24, kana son sanin fentin da zai aiko maka: na ruwa, wato akirilik, ko na mai da ake kira enamel. Ka yi sa'ar mota. Da ita Ari Vatanen ya ci tseren Paris-Dakar a 1990, zamanin da motocin ke ratso Agadas su sauko Yamai, mu kuwa muna yara muna bin ƙurarsu da gudu.

Ƙurar nan ce ma za ta raba maka gardama. Fentin mai, irin ƴan gwangwanayen Humbrol da Revell masu mililita 14, ya fi kwanciya. Ka shafa da buroshi, kafin ya bushe ya baje kansa, sawun gashin ya ɓace, ya fito da ƙyalli. Amma yana son wajen awa 6 kafin ka ƙara wani shafi, kuma sai ya kwana kafin ka riƙe shi hankali kwance. A Yamai cikin hunturu, awa 6 ai shekara ce. Na taɓa shafa wa wata ƴar mota jan enamel a watan Janairu, na bar ta bisa tebur, taga a rufe. Da safe na tarar da ita kamar an barbaɗa mata garin gero. Sai da na goge ta kaf na koma farko.

Na ruwa kuwa cikin ƴan mintoci ya sha iska, ƙura ba ta samun wurin zama. Nasa ciwon zafi ne. A watan Afrilu, in rana ta haura digiri 40, yana bushewa a bakin buroshi tun ba ka kai ƙarshen ƙofar motar ba, ya bar maka zane-zane. Maganinsa ka tsinka shi sosai ka yi shafi uku ko huɗu marasa kauri, ka yi aikin bayan asuba, ka kashe fanka. Na Vallejo da Revell Aqua ruwa kawai suke so. Na Tamiya yana da nasa abin tsinkawa, X-20A, kuma ka lura da lambar kwalba: X mai ƙyalli ne, XF marar ƙyalli, na kujeru da cikin mota.

Wajen wari ba a ma haɗa su. Enamel da man wanke shi sai a tsakar gida, in ba haka ba uwargida ta kore ka.

Sai batun kawowa. Fentin mai yana kama wuta, ba a yarda da shi a kayan jirgi, haka ma gwangwanin fesawa. Na Tamiya ma, ko da yake akirilik ne, akwai alkol a cikinsa. Masu ruwa zalla su ne yayanka zai fi samun sauƙin sakowa a jaka. Kada kuma ka ce za ka yanke hanya ka sayo diluwan, wato man tsinka fenti, na masu fentin mota a kasuwar Katako. Yana cin irin wannan roba, ta yi laushi ta yamutse. Duk abin da ka saya a nan, fara gwada shi a jikin sandunan robar da ka ciro guntayen motar daga jikinsu.

Ni dai in nawa ne, gangar jikin da na ruwa zan yi. Motarka rawaya ce, rawaya kuwa ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, don haka ka fara shimfiɗa fari. Kowane shafi ka kife mata roba mai tsabta har ta bushe. Enamel baƙi da ruwan azurfa, in ka samu gwangwani ɗaya-ɗaya, ka ajiye su don inji da salansa, inda ko ƙura ta hau sai a ce daga hamadar Tenere ta fito.